Jaka Marar Hannu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen gida da maƙwabtan shago. Ya gwiwar? Na san za ka ce da sauƙi, don ko ƙafar ce ta cire haka za ka ce. Ni lafiyata ƙalau, sai muryar da 'yan aji uku suka dusar mini. Da kana jin waya da na kira ka ka sha dariya, amma tunda ƙarar keken ɗinki ta cinye maka kunne, ga takarda nan, direban da ya saba zai kawo.

Bayan gaisuwa, na ɗauko wa kaina wani aiki, kuma gara ka ji daga wurina kafin ka ce na cika kwashe-kwashe. A makarantarmu akwai yaran da ke zuwa daga gidan rainon yara na bayan asibiti. Wasu marayu ne, wasu iyayensu na raye amma riƙon ya gagara. An fito da tsari cewa duk malamin da ya yarda a haɗa shi da yaro ɗaya, su riƙa zaman awa guda kowace Laraba bayan an tashi. Ba darasi ake yi ba, ba kuma faɗa ba, hira ce kawai da sauraro. Dokar da aka fi ja mana kunne a kai ita ce ba a canza rana, ba a canza wuri, kuma ko yaron bai zo ba sai ka zauna awarka ta cika, don duk ranar da ya leƙo ya same ka.

Ni ɗakin ajiya na kusa da laburare aka ba ni, mai tsofaffin taswirori da kujeru biyu, ɗaya gurguwa. Yarinyar da aka haɗa ni da ita 'yar aji uku ce, 'yan ajinsu suna ce mata Kunkuru. Na so in hana su, ta ce in ƙyale, ta sha sunayen da suka fi wannan muni. Sunan ya samo asali ne daga jakarta. Duk abin da ta mallaka a duniya yana bayanta kullum, daga kayan sawa da ɗan bargo har wani kofin ƙarfe da fentinsa ya ɓare. Jakar ta yage, da igiya take ɗaure bakin, kuma ko banɗaki za ta shiga da ita take shiga.

Kawu, yarinyar nan tana da kai. An yi ta yawo da ita daga wannan gida zuwa wancan, kowane sauyi da sabuwar makaranta, amma duk da haka ranar nan ta kama ni da kuskure a lissafi, ta kuma faɗa ba tare da ta ɗago kai ba. Da farko rungume da jakar take zama, ba ta cewa uffan. Yanzu takan ajiye ta a ƙasa tsakanin ƙafafunta, har takan yi dariya in kujerar gurguwa ta kusa kayar da ni. Jarrabawar ƙarshen shekara ce a gabanta. In ta zauna ta ci, za ta wuce babban aji a nan, a daina jifa da ita. Na ƙudura sai na ga ta zauna jarrabawar nan. Abin da ke damuna dai nauyin da take ɗauka, da ma a ce tana da inda za ta sa kayanta.

Ka gaishe da kowa, ka kuma riƙa hutar da ƙafar.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Malama Auta, wadda har ta bar gidana ba ta iya ɗinka maɓalli ba,

Na samu takardarki, na gode Allah da lafiyarki. Gwiwa da sauƙi. Ki yi dariyarki, amma da sauƙin ne. Idon ne ya fara yi mini wasa, sai na kai zare bakin allura ramin ya matsa gefe.

Na karanta har inda kika ce da ma tana da inda za ta sa kayanta. Ke tun kina ƙarama ba kya roƙo kai tsaye, sai ki tsaya kusa da abu kina yabonsa har a gaji a ba ki. To na gane. Na ture ɗinkin mutane gefe, na yanko tamfol mai kyau ruwan ƙasa, wanda ba ya nuna datti. Na yi ta babba tunda kin ce har bargo take ɗauka. Akwai aljihuna a ciki ta kowane gefe, da wani mai zagaye daidai kofi. Zif ɗin mai manyan haƙora ne. Hannuwan kuwa na ninka su, na bi su da ɗinki gaba da baya na kuma gicciya, ko jaki aka rataya ba za su tsinke ba. Ki ba ta, kada ki ce mata komai game da kuɗi, ba na so.

Sai dai zan faɗa miki abu ɗaya, ko ki ji haushi ko kada ki ji. Yarinyar nan ba ke kika haife ta ba, kuma ba a hannunki ikonta yake ba. Masu ofis suna iya tashi gobe su ce a kai ta wani wuri, ke kuma na san zuciyarki, in kika riƙe abu da duka hannu biyu kike riƙewa. Ki yi aikinki da kyau, amma ki rage wa kanki ɗan wurin numfashi.

Kawunki

*

Auta,

Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Mu nan kowa lafiya, gwiwar ma ta gaji da ni ta yi sauƙi.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kullum in tare shi a tasha ya juya mini tafin hannu. Ya ce jakar a hannunki ya sa ta, kin kuma yi murna. To mene ne? In maganar da na yi ce cewa ba ke kika haife ta ba, ni ma ban haife ki ba, kuma kin san yadda na riƙe ki. Ba don in sare miki gwiwa na faɗa ba. In kuma jakar ce ba ta yi wa 'yan birni ba, ki faɗa mini gaskiya, ba yau aka fara raina ɗinkina ba. Amma shiru ba tarbiyyar gidana ba ce, kuma yana damuna.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Ka yafe mini shirun. Lafiyata ƙalau, kuma wallahi ba fushi nake yi ba. Na ɗauki biro ba sau ɗaya ba, in rasa ta inda zan fara, don ba na so ranka ya ɓaci. Yanzu da na ga shirun ya fi ɓata maka rai, ga abin da ya faru.

Ranar Larabar da jakar ta iso na miƙa mata ina ta washe baki. Ta shafa tamfol ɗin, ta ja zif ta mayar, ta ce, "An gode." Nan take ta kwance igiyar tsohuwar jakar, ta ninke kayanta ta jera a sabuwar, da saurin wanda ya saba. Ta bar tsohuwar a kan kujera ta fita. Ni kuwa na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Washegari ba ta zo makaranta ba, haka Juma'a. Laraba ta zagayo na zauna ni kaɗai da taswirori har awata ta cika, wata Larabar ma haka. Doka ba ta yarda mu je gidan rainon ba sai da izini, don haka na yi ta zarya ofishin Shugabar makaranta. Ana cikin haka Shugaba ta kira ni ta ce jami'ar da ke kula da lamarin yaran ta aiko. Wai in yarinyar ta ci gaba da ƙin makaranta, za a mayar da ita wani gida a wani gari inda ake koyar da sana'a, kuma ƙarshen wata za a zauna a yanke. Na ce a ba ni izini in gan ta tukuna. Na tsaya a bakin tebur ɗin na ƙi tafiya, har Shugaba ta sa hannu don ta rabu da ni.

Ranar Asabar da safe na je. Matar da ke kula da gidan ta ce yarinyar ba ciwo take yi ba. Kullum takan tashi ta yi wanka, ta gyara gadonta, ta cire zanin gadon ta ninke, sannan ta ɗauki jaka ta zauna a benci kusa da ƙofar shiga har yamma. Sun yi lallashi sun yi faɗa, ba ta motsa ba. A nan na same ta, jakarka a kan cinyarta. Na zauna na ce me take jira.

Ta ce, "Mota."

Na ce, "Wace mota?"

Ta ce, "Malama, ai kin fi ni sani. Ke kika ba ni jaka."

Kawu, sai da ta yi mini bayani kamar ni ce ɗalibar. Ashe duk lokacin da za a ɗauke yaro daga wani gida zuwa wani, sabuwar jaka ce ke fara zuwa, don ba a so ya isa sabon wuri da kaya a leda. Ba a faɗa wa yaron komai sai motar ta tsaya, wai don kada ya gudu ko ya kwana kuka. Su kuma yaran sun daɗe da gane alamar. Ta ce, "Masu kirkin ne ke ba da jaka, Malama. Ban ji haushinki ba." Na ce to me ya hana ta zuwa aji kafin motar ta zo. Ta ce wancan karon ana tsakiyar gwaji aka leƙo aka kira sunanta, ta fita kowa na kallonta ta taga har ta shiga mota. Ta ce ta gwammace a ɗauke ta daga benci.

Na rantse mata babu wata mota. Ta ce, "Haka malamar waccan makarantar ma ta ce." Sai na faɗa mata gaskiyar da ta fi ɗaci, cewa zaman bencin nan shi ne zai jawo motar. Ta dube ni ta ce, "Kin gani ko." Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Kada ka ɗora wa kanka laifi. Da na rubuta inda za ta sa kayanta, wuri nake nufi, kai ka karanta jaka, ni kuma da na gan ta kyanta ya ɗauke mini hankali. Amma ban saki ba. Asabar mai zuwa zan koma, ta bayanta ma zan koma, kuma ranar zaman zan shiga ko ba a gayyace ni ba. Abin da na rasa shi ne abin da zan faɗa mata wanda ba a taɓa faɗa mata ba.

Taka,
Auta

*

Auta,

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Lafiya muke, sai dai ranar ban iya taka keke ba. Ni da ke cika baki da hannuwan da ba sa tsinkewa, ashe abin tsoro na ɗinka wa 'yar mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Kin ce kin rasa abin faɗa. To ki daina neman magana, an riga an cika mata kunne da ita. Ban sani ba ko kina tuna zuwanki gidana bayan rasuwar mahaifiyarki. Da takalmi kike kwana. Na ce nan gidanku ne, na faɗa da safe na faɗa da yamma, kina gyaɗa kai kina ƙara ɗaure igiyar takalmin. Ran nan na gaji, na ɗauko guduma na kafa ƙusa a bangon shago daidai tsayinki, na rataya rigar makarantarki, na ce wannan ƙusar taki ce, kowa ya taɓa ta ni da shi. Ba a jima ba na ga takalmi a bakin ƙofa. Ƙusar tana nan har yau, a kanta nake rataye tef ɗin awo, kullum sai na sunkuya.

Ga shawarata. A cire wa jakar hannuwa. In aka farke gefe biyu za ta buɗe ta zama shimfiɗa mai aljihuna, sai a kafa ta a bangon ɗakin nan naku. Jakar da ba ta da hannu kuma an kafa ta da ƙusa ba ta zuwa ko'ina, wannan ko yaro ya sani. Na sa miki 'yar ƙugiyar farke ɗinki da ƙusoshi a cikin ambulan, ki yi hankali da yatsunki. Ta ciki za a fara, ƙarƙashin shafin, inda na ƙulle zaren. In aka fara ta waje sai a wuni ba a ci rabi ba. Tunda nake ban taɓa koya wa mutum yadda zai farke ɗinkina ba sai yau.

Abu biyu kuma. Ki bari ita ta farke da hannunta. Sannan kada ki yi mata alkawarin abin da ba ya hannunki, ki tsaya a kan wanda kike iyawa. Maganar da na yi a baya ta ki rage riƙo, na janye ta. Ki riƙe da hannu biyun.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Direba ya ce ya gan ka kana ɗingishi kana musun kana ɗingishi, don haka ba zan tambayi gwiwa ba. Ni lafiya, sai ɗan yatsa da ƙugiyarka ta huda duk da gargaɗinka.

Na koma ranar Asabar da tsohuwar jakarta, wadda na adana a ɗakin ajiya, da ƙugiyar. Na zauna a bencin na ce mata ba zan rantse cewa ba za a taɓa ɗauke ta ba, don ba ni ke yankewa ba. Abin da ke hannuna shi ne duk maganar da aka yi a kanta za ta ji ta daga bakina kafin kowa, kuma Laraba ina ɗakin nan ko ta zo ko ba ta zo ba. Na ce wannan jakar kuwa ba ta tafiya, wanda ya ɗinka ta ya ce a cire mata hannuwa. Ta yi mini kallon mahaukaciya. Na roƙe ta ta juye kayan a tsohuwar, ta juye tana harara ta. Na fara tsintar zaren, na soki yatsa, na sake farawa ta inda ka ce kada a fara. Da ta gaji da kallon ɓarna ta ce, "Malama, ba haka ake yi ba, kawo." Ta kifa jakar, ta nemo ƙullin da kanta.

Har rana ta take muna bencin. Tana farkewa tana mita, wai wannan kawun nawa da gani ba ya son a rabu da shi. Da hannun farko ya fita ta riƙe shi ta daɗe tana kallo. Na biyun ta fizge shi da ƙarfi, ta tashi ta jefa su duka a kwandon shara, ta dawo ta zauna tana haki. Ba ta ce za ta zo makaranta ba, ni ma ban tambaya ba.

Litinin ta shigo aji a makare, tsohuwar jaka a baya, ta zauna nesa da taga. Laraba muka aro guduma wurin mai gadi. Ita ta zaɓi bangon, ita ta buga ƙusoshin, ɗaya ta lanƙwashe ta miƙe ta ta sake bugawa. Ƙarar ta fito da Shugaba daga ofis, ta leƙo ta ga tamfol a bango, ta ce a dai mayar wa mai gadi gudumarsa.

Ranar zaman na shiga. Jami'ar ba muguwa ba ce, mace ce da aiki ya yi wa yawa. Na ba ta labarin bencin tun daga farko. Da na gama ta ce ita ma da kuɗinta take saya wa yara jaka in za a sauya musu gida, don tana jin nauyin ganinsu da leda, ba ta taɓa sanin haka suke karanta abin ba. An yanke cewa yarinyar za ta zauna har jarrabawa muddin tana zuwa aji, in ta ci kuma ta ci gaba a nan. Daga ɗakin ban tsaya ko'ina ba sai wurin yarinyar, na faɗa mata duka, har da sharaɗin.

Aljihunan bangon kuwa sun daɗe babu komai a ciki. Takan shigo ta dube su, ta zauna da jakarta a ƙasa, mu yi lissafi mu yi hira. Ban ce mata ta sa komai ba, ko da yake bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Shekaranjiya Laraba da za ta tafi, ta kwance igiya ta ciro kofin nan, wanda yanzu na san na mahaifiyarta ne, ta sa shi a aljihun mai zagaye. Ta ɗauki jaka ta nufi ƙofa. Na ce ta manta kofinta. Ta ce, "Na sani. Sai Laraba, Malama." Da ta fita na zauna a kujerar gurguwa na yi kuka, na farin ciki.

Ta ba ni saƙo gare ka, ga shi yadda ta faɗa: "Ki ce wa Kawu in ba zai ji haushin abin da na yi wa waccan ba, ina son wata. Amma ƙarama, wadda ba ta cin komai sai littattafai."

Taka,
Auta

*

Auta,

Lafiya lau, kuma direba maƙaryaci ne, tafiyata ce haka.

Ga jakar nan. Na auna ta da tsohon littafin lissafinki da na samu a ƙasan akwati, na ƙara faɗin yatsa biyu saboda biro. Na gwada tura kofi, bai shiga ba. Bargo kuwa ko gefensa.

Na ga ta ce Kawu. Ki ce mata na amsa. Ki ce ta zauna ta ci jarrabawar nan, in kuma jakar ta yage kafin ta gama babban aji ta aiko mini in gyara. Shagon yana inda yake, ni ma ina ciki.

Kawunku